Makaɗin Zuciya da Ciwon da ke Kama Shi

Idan mai karatu ya ɗora yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga na minti ɗaya, zai sami bugu tsakanin 60 zuwa 100, muddin yana zaune cikin natsuwa. A yini da kwana zuciya takan buga kimanin sau dubu 100. Ɗalibai da yawa suna zaton ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin kowane bugu. Ba haka abin yake ba. Ƙwaƙwalwa takan sa a ƙara sauri ko a rage, amma asalin kiɗan daga cikin zuciyar kanta yake fitowa.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A bangon ɗakin sama na dama, daidai inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa take shiga, akwai wani ɗan tarin ƙwayoyin halitta da tsawonsa bai wuce santimita biyu ba. Shi ake kira ƙullin sayinas. Arthur Keith da Martin Flack ne suka gano shi a Ingila a shekarar 1907. Aikinsa kamar na makaɗin gayya ne: yana sakin ɗan ƙaramin lantarki a kai a kai, lantarkin ya ratsa tsokar zuciya, ita kuwa ta matse ta tunkuɗa jini.

To, makaɗin nan yakan gaza, kuma gazawar tasa ita ce ciwon ƙullin sayinas. Wani lokaci kiɗan ya yi sanyi, bugu ya sauka ƙasa da 50. Wani lokaci ya ɗauke ɗif na daƙiƙa uku ko fiye. A wajen wasu kuma, mutum zai hau matakala ko ya ɗauki kaya, jiki yana neman ƙarin jini, amma zuciya ta ƙi ƙara sauri. Mafi rikitarwa shi ne wanda bugu ke tserewa da gudu ba tsari, sa'an nan ya tsaya cak kafin ƙullin ya farfaɗo. Irin wannan yana iya sa jini ya daskare a ɗakin sama, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Me ya sa mutum ba ya mutuwa nan take idan makaɗi ya yi shiru? Saboda akwai mataimaka. Wani ƙulli na biyu, tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, yana iya karɓar kiɗan, sai dai bugunsa 40 ne zuwa 60 a minti. Idan shi ma ya kasa, ɗakunan ƙasa su yi nasu, 20 zuwa 40. Wannan ya isa a rayu, amma bai isa a yi noma ba. Kuma kafin mataimaki ya karɓa, ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa jini na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin jiri, da duhun ido, da kasala, da haki, har da suma.

Babban sanadi shi ne tsufa, domin a hankali tabo yana maye gurbin ƙwayoyin ƙullin. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna danne shi, haka ma raunin ƙululun tayiroyid da ke wuya, da yawan sinadarin fotashiyam a jini. Yaran da aka yi wa tiyatar zuciya su ma sukan same shi. Amma kada ɗan wasan guje-guje ya tsorata don bugunsa 50 ne. Tasa zuciyar horo ta samu.

A ganina wahalar ciwon nan ba ta wuce ɓuyansa ba. Dattijo zai faɗi, ya farfaɗo garau, sai a ce tsufa ne ko farfaɗiya. A kai shi asibiti, na'urar zana bugun zuciya, wato isiji, ta nuna komai lafiya, domin a 'yan daƙiƙun da ta auna makaɗin yana kan aikinsa. Don haka likitoci kan rataya wa mutum ƙaramar na'ura ta yi ta ɗaukar bugun na awa 24 ko 48, wani lokaci ma fiye.

Idan magani ne ya jawo, likita ne zai sauya shi. Idan kuwa ƙullin ne ya lalace har alamu suka bayyana, babu ƙwayar da za ta gyara shi. Sai a dasa na'urar daidaita bugu a ƙarƙashin fatar ƙirji, a zura wayarta ta jijiya zuwa cikin zuciya. Ita tana saurare ne kurum, sai ta ji shiru ya yi tsawo ta saki lantarkinta. An fara dasa irinta a jikin mutum a ƙasar Suwidin a shekarar 1958, ta yi aiki na 'yan sa'o'i ta mutu. Batirin na yanzu yakan kai shekara 10, wani ma ya haura.