Ceton Doki da Jinyarsa a Yankin Diko

Garin Diko, wanda yake a mahaɗar hanyar Kaduna zuwa Abuja da wadda ta nufi Minna, yana maƙwabtaka da Suleja, mazaunin zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, inda doki ya kasance adon sarauta tun lokacin da Abu Ja ya kafa garin Suleja a shekarar 1828. Sai dai yankin ba ƙasar kiwon doki ba ce irin ta Katsina ko Sakkwato, domin damina tana daɗewa, kuma bakin rafuka yana ɓoye tsando, wato ƙudan da ke yaɗa cutar sammore, wadda take shanye jinin dabba har ta rame ta kasa tashi. Saboda irin wannan cuta aka kafa cibiyar bincike a Kaduna a shekarar 1947.

Dokin da ke buƙatar ceto galibi shi ne wanda aka ƙawata don hawan sallah ko na angwanci, sannan da biki ya watse, harawa ta yi tsada a tsakiyar rani, aka bar shi a turke cikin rana, haƙarƙarinsa a waje, gyambon sirdi a gadon baya, gefen bakinsa kuma linzami ya yayyanka. Mafi yawan masu irin waɗannan dawakai rashin hali ne ya ci ƙarfinsu.

Idan ƙungiyar taimako ta karɓi doki irin wannan, matakin farko shi ne killacewa, wato a ware shi daga sauran dawakai na mako biyu zuwa uku, likitan dabbobi ya duba jininsa da haƙoransa, a cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki. Ciyarwa ita ce wurin da ake yawan kuskure, domin dokin da ya daɗe cikin yunwa, idan aka cika masa komi da dawa ko dusa saboda tausayi, cikinsa yakan ƙulle ko zuciyarsa ta gaza. Abin da ya dace shi ne a fara da harawa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kofato yana buƙatar gyara duk bayan mako shida zuwa takwas, kuma murmurewa takan ɗauki watanni.

Nauyin kuɗin da ke kan ƙungiya ya fi yawa bayan an kammala ceto, tunda doki yana iya kai shekara 25 yana cin abinci, ga albashin ɗan barga da kuɗin magani. Shi ya sa ƙungiyar Brooke, wadda Dorothy Brooke ta fara da asibitin tsofaffin dawakan yaƙi a Alƙahira a 1934, da ƙungiyar SPANA da aka kafa a 1923, suka fi karkata ga yi wa dabba magani a hannun mai ita da horar da shi, maimakon tara dabbobi a barga guda.

Wannan tsari ya dace da Diko da kewayenta, inda haɗa kai da fadar Sarkin Zazzau Suleja, da hakimai, da masu ba da hayar dawakai, tare da keɓe gonar harawa a matsayin wakafi, zai fi ceton dawakai da yawa fiye da dogaro da gudummawar lokaci-lokaci.