Shukar ado 'yar uwar gwaza: Iyaye a kula da yara

Tun bayan da aka rushe tsohuwar unguwar Zangwetin a shekarar 2003, jama'armu da dama suka tare a Waga 2000, ado da tsirrai ya samu karɓuwa a gidajen Zango. Daga cikin waɗanda ake saye wajen masu dashe a bakin titi, akwai wata mai yaɗo da ake rainonta a tukunya ko kwalbar ruwa, wadda masu sayarwa ke kira potos.

Wannan shuka baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta kurmin tsibirin Moorea ne a Tekun Fasifik, kuma danginsu ɗaya da gwaza.

Gane ta ba wuya. Ganyenta mai sheƙi ne da siffar zuciya, kore da ratsin rawaya. A kowace gaɓa tana fitar da saiwar da take kama bango ko itace. In ta hau sama, ganyen kan yi faɗi har ya tsattsage, fure kuwa da wuya ta yi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙananan alluran da ke sa ɗanyar gwaza ƙaiƙayi suna cikin ganyenta da karanta. Yaron da ya tauna zai ji raɗaɗi, yawu ya yi ta zuba, leɓe da harshe su kumbura. Idan haka ta faru, a cire ragowar, a kuskure masa baki da ruwan sanyi. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Don haka iyaye mata, a rataye tukunyar inda hannun yaro ba ya kaiwa. Rigakafi ya fi magani.