Daga Burmi zuwa Mai Wurno: Yaushe baƙo yake zama ɗan gari?

A ranar 27 ga Yuli, 1903, a bakin ganuwar Burmi da ke kusa da kogin Gongola, cikin jihar Gombe ta yau, sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya tare da ɗaruruwan mabiyansa. Wata huɗu ke nan da faɗuwar Sakkwato a hannunsu, tun 15 ga Maris. Galibin littattafan tarihin da muka karanta a makaranta a nan suke rufe babin. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daga wutar Burmi ba su juya gida ba. Ɗan Sarkin Musulmin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragamarsu suka miƙa gabas, suka ratsa ƙasar Chadi ta yau da Darfur, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Garin da suka kafa, ɗan nesa kaɗan kudu da Sinnar, har gobe sunansa Mai Wurno, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautarsa.

Mun ɗauko wannan labari ne saboda tambayar da ke cikinsa ba ta tsufa ba. Matasanmu na barin gida kullum, wasu zuwa Libiya da Aljeriya, wasu Saudiyya, wasu Ingila da Kanada. Kusan kowannensu yakan ce shekara biyu ko uku zai yi ya dawo. 'Yan'uwanmu na Sudan su ma da niyyar wucewa suka sauka, ga shi an haura shekara 120.

Muhawarar tafiya da zama

Hijira ba baƙon abu ba ce ga jama'ar Sakkwato. Da ita Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya buɗe al'amarinsa, lokacin da ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma ya rubuta littafi sukutum a kan wajibcinta, wato Bayanu Wujubil Hijra. Akwai kuma maganar da ta daɗe tana yawo a tsakanin jama'a cewa a ƙarshen zamani mabiyan Shehu za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu, su sadu da Mahadi. Saboda haka da Attahiru ya fita, manoma da makiyaya da malamai da sarakuna suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har da Sarkin Misau Ahmadu.

Ba duka malamai suka ga haka ba. Waziri Muhammadu Buhari ya zauna a Sakkwato, ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana kafa hujjar cewa idan shugabanni duka suka tafi, talakawan da ba su da ikon tafiya za a bar su ba mai tsare musu addini. Kowane ɓangare yana da nassinsa. Ayoyi na 97 zuwa 100 na Suratun Nisa'i sun zargi wanda ya zauna cikin danniya alhali ƙasar Allah tana da faɗi, sun kuma yi uzuri ga raunana waɗanda ba su da dabara ko sanin hanya. Mu da muke karanta wannan rubutu a Kano ko Damagaram, yawancinmu jikokin waɗanda suka zauna ne. Hausawan Sudan da Fulaninta, da yawansu jikokin waɗanda suka tafi ne.

Abin da ƙaddara ta tanadar wa matafiyan akwai mamaki a ciki. Sun gudu daga tutar Ingila, suka tarar da ita ta riga su isa. Turawa sun karya daular Mahadiyya a Umdurman tun Satumba 1898, kuma daga 1899 Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. Wasu sun ƙi tsayawa, kamar Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya, wanda ya wuce har Madina ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma a can. Mai Wurno kuwa ya tsaya, kuma hukumar da ta kashe mahaifinsa a yamma ita ce ta amince da shugabancinsa a gabas, domin ƙasar ta fito daga yaƙi da yunwa, tana neman hannun da zai noma ta.

Gumin da aka gina rayuwa da shi

Mutanen Burmi ba su ne farkon zuwa ba, ba kuma su ne na ƙarshe ba. Tun ƙarnoni kafin su, mahajjatan ƙasa suna bin wannan hanya, kuma mutanen Sudan suna kiransu Takarir ko Fallata. Bayan Turawa sun kafu, hanyar ta ƙara cika: daga Kano ko Borno zuwa Njamena ta yau, zuwa Abashe, a shiga Janaina, a bi Fashir da Ubayyid, a ƙetare Nilu, a nufi Suwakin ko Bur Sudan inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Talaka ba ya iya yin wannan tafiya a shekara guda. Yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. A irin wannan tsayawa ake aure, a haihu, a binne tsofaffi, guzurin kuma ya ƙi cika.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda daga baya ya faɗaɗa har ya haura fadan miliyan 2. Auduga kuwa tana cin hannu: shuka, cire ciyawa, tsinka, tuge kara. Baƙin yamma suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi, yawancinsu a matsayin 'yan ƙwadago da ke zaune a sansanoni a gefen ƙauyuka, ba masu riƙe da gonakin ba. Wasu suka gangara Gadarif wajen noman dawa da riɗi, wasu Kasala, wasu suka bi gaɓar kogi zuwa Damazin da Rusairis suna kamun kifi da noman lambu. Malamai suka buɗe tsangayu, waɗanda a can ake kira halwa, 'ya'yan masu masauki ma suka zauna gabansu da allo.

Alamar wannan zama tana nan a harshe da ciki. Duk wanda ya taɓa zama a Khartum ya san agashe, naman da ake barbaɗa wa ƙuli da yaji a gasa a bakin titi. Tsirenmu ne, kuma sunan daga kalmarmu ta gashi ya fito. A'isha Falatiyya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a gidan rediyon Umdurman, kuma laƙabinta kaɗai ya isa ya faɗi asalinta.

Wannan ɓangare na labarin ya yi daidai da abin da muka sani na Sahabbai. Da Abdurrahman ɗan Aufu (Allah Ya ƙara masa yarda) ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa na Ansaru, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya fara da cuku da man shanu. Muhajiri na gaskiya ba ya zama kaya a wuyan mai masauki, kuma ta wannan fuska mutanenmu na Sudan sun sauke nauyin da ke kansu.

Matafiyin da bai sauke kaya ba

Inda gizo yake saƙa shi ne niyya. Wani masanin halayyar al'umma, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya wallafa littafi a 1995 wanda ma'anar sunansa ita ce mahajjata na dindindin. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka, har wasu ba sa son gina gida mai ƙwari don kada ya zama alamar an fasa tafiya. Akwai kyau a cikin wannan shauƙi, kuma ba mu isa mu raina shi ba. Shi ya tsare musu harshe da karatu da zumunci. Amma yana da farashi. Wanda yake ganin gobe zai tashi ba ya damuwa da takardar fili, ba ya gaggawar kai yaro makarantar gwamnati, ba ya neman kujera a inda ake yanke shawarar gari.

Shari'a ba ta san matafiyin shekara ɗari ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru, ya cika sallarsa kamar ɗan gari. Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam), da zazzaɓin Madina ya kwantar da Abubakar da Bilal, kewar Makka ta taso, addu'a ya yi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Bayan an buɗe Makka ma bai koma da zama ba, kuma Muhajirai kwana uku aka yarje musu su ƙara a cikinta bayan gama aikin Hajji. Waɗanda suka je Habasha kuwa, da wani ya taso wa Najjashi da yaƙi, addu'ar nasara suka yi masa, Zubairu ɗan Awwam ya yi iyo a kogi a kan salka don ya kawo musu labarin fagen fama. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira. Duk tsawon zamansu, lafiyar ƙasar da ta karɓe su lafiyarsu ce.

Rabin da ke wuyan mai masauki

Ba za mu yi adalci ba idan muka ɗora laifin duka a kan baƙo. Hijirar Madina ta yi nasara ne domin akwai Ansaru, waɗanda aya ta 9 ta Suratul Hashri ta yaba da son wanda ya yi hijira zuwa gare su da fifita shi a kan kansu. A Sudan doka ta bi wata hanya dabam. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaure asali da zama a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Da wannan ƙa'ida, wanda kakansa ya iso bayan Burmi baƙo ne, ko da shi da ubansa ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Dokar 1994 ta dawo da wa'adin zuwa 1 ga Janairu, 1956, ranar samun 'yanci, mutane da yawa suka sami takarda. Amma takardar gwamnati dabam, haƙƙin ƙasa a al'adance dabam, domin a karkara filaye suna hannun sarautun ƙabilun da ake ɗauka su ne na asali.

Wannan miki ne ya fashe a watan Yuli na 2022 a jihar Shuɗin Nilu. Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ga cewa sarauta ƙofar mallakar ƙasa ce, 'yan siyasa suka zuba fetur. Fiye da mutum 100 suka mutu a wannan wata, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan. A watan Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi da asarar rayuka mai yawa. Su ma ƙabilun da ke can suna da tsoronsu, don sun daɗe suna ganin ana karɓe musu filaye da sunan manyan gonaki da madatsar ruwa. Fiƙihunmu yana da abin faɗa a nan: wanda ya raya mataccen fili yana da haƙƙi a kansa, kuma Malikiyya sun shar'anta izinin shugaba idan filin yana kusa da gari, don kada raya shi ya cutar da mazauna. Haƙƙi biyu ne da ke buƙatar hukuma mai adalci ta daidaita, kuma rashinta ne ya jawo jini. Bayan wannan sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya game kowa, ya kai Wad Madani da jihar Sinnar, jikokin muhajirai suka sake ɗaura kaya.

Madubin da ke gabanmu

Kafin mu ga baiken mutanen Sudan, mu duba gidanmu. Mu ma muna da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kan hana yaron da aka haifa a gari gurbin karatu ko aiki saboda kakansa daga wani wuri ya zo. Mun ga abin da rabon ɗan asali da baƙo ya haifar a Jos. Muna jin zafi idan an kira Bahaushen Damazin baƙo, amma a unguwanninmu akwai iyalan da suka shekara hamsin muna kiransu da sunan garin da suka baro. Karin maganarmu na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Gaskiya ne ga baƙon kwana uku. Wanda ya haƙa rijiya, ya binne iyayensa, ya aurar da 'ya'yansa a gari, ya wuce raɓa.

Ga matashin da ke shirin fita kuwa, nasiharmu gajeriya ce. Ya shiga ta ƙofa, da takardu na halal, domin cika alkawari da bin yarjejeniya addini ne. Ya koyi harshen mutanen da sana'ar da za ta hana shi roƙo. Ya nemi masallaci da malami tun kafin 'ya'ya su zo, ya yi musu rajistar haihuwa, ya san maƙwabcinsa ko ba Musulmi ba ne. Idan shekaru suka tura, ya zauna ya gaya wa kansa gaskiya: komawa zai yi ko zama? Kowanne halal ne, amma rataye a tsakani 'ya'ya ne ke biyan bashinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Burmi da waɗanda hanya ta cinye. Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya sa mu zama Ansaru ga duk wanda ya sauka a ƙofarmu. Amin.