Gina Duniya Gida-Gida a Cikin Waya: Abin da Ɗan Koyo a Abbare Zai Tarar

Mafi ƙanƙantar duniya a wasan Terraria tana da faɗin tayil 4,200 da zurfin tayil 1,200. In aka ninka, tayil miliyan biyar ke nan da ɗoriya, kuma kusan kowannensu mai wasa zai iya haƙe shi, ya dasa wani a gurbinsa. Matashin da ke zaune a Abbare cikin Jalingo, da Tecno ko Itel a hannu, in ya ji wannan lissafi sai ya ce ai wannan aikin manyan kamfanoni ne. Amma waɗanda suka fitar da Terraria a 2011 'yan tsiraru ne, Andrew Spinks na jagorantarsu. Minecraft ma, da Microsoft ya saya kan dala biliyan 2.5 a 2014, mutum ɗaya ne ya fara shi a ƙasar Suwidin a 2009, wato Markus Persson.

Irin waɗannan wasanni ba sa gindaya maka manufa. Fili ake ba ka, ka haƙa, ka gina, ka rushe, yadda ranka ya so. Abin da ke ƙarƙashinsu kuwa duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ana dara ya san shi: layuka biyar, gidaje shida-shida, kowane gida ko babu kowa, ko ɗan wannan, ko ɗan wancan. Duniyar tayil haka take, gidajen ne kawai suka yi yawa. Kwamfuta ba ta san ƙasa ko ruwa ba, lamba ta sani. A ce 0 sarari ne, 1 jar ƙasa, 2 dutse, 3 ruwa. Hotunan duka suna jere a fayil guda, kowanne ɗan murabba'i, galibi ɗigo 16 tsawo 16 faɗi. Idan yatsa ya taɓa allo, manhajar takan raba wurin da aka taɓa da girman tayil, ta gano gidan da ake nufi, ta mayar da 2 ta koma 0. Dutse ya fashe ke nan. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar, kuma ana iya gane shi da biro da takardar lissafi tun kafin a kunna na'ura.

Ragowar rabin ne ke fid da gumi. Ɗan koyo yakan umarci waya ta zana duniyar gaba ɗaya a kowane motsi. Wasa mai santsi yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane zane yana da abin da bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Ka ɗora wa ƙaramar waya tayil miliyan a wannan ɗan taƙi, sai ta ɗau zafi, wasan ya riƙa sarƙewa, batir ya zube. Alhali allon bai nuna fiye da, a ce, tayil 40 a kwance da 20 a tsaye ba, 800 ke nan kacal. Su kaɗai ya kamata a zana. Shi ya sa ake yanka duniya gunduwa-gunduwa. Minecraft yana yanka tasa 16 sau 16, ya loda gunduwoyin da ke kusa da mai wasa, ya sauke na nesa.

A nan nake ganin ɗan Jalingo yana da wata riba da bai sani ba. Mai gina wasa a kan kwamfuta mai ƙarfi yana iya shekara yana tafka wannan ɓarna ba tare da ya lura ba, domin na'urarsa tana haɗiye kuskuren. Waya mai RAM gigabayit biyu ba ta rufa wa kowa asiri. Ranar farko za ta nuna maka inda ka yi almubazzaranci. Kuma irin wayar da ke hannun mafi yawan waɗanda za su buga wasan ke nan.

Sai tambayar wa zai zauna ya jera miliyoyin tayil. Babu kowa. Lissafi ne ke haifar da tsauni da kwari da kogo. In aka bar wa caca zalla, tsayin ƙasa zai riƙa tsalle ba kan gado, nan sama can ƙasa. Ken Perlin, masani ɗan Amurka, ya samar da dabara a farkon shekarun 1980, bayan aikinsa a fim ɗin Tron na 1982, wadda ke ba da lambobin da ke hawa da sauka a hankali, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa. Har lambar yabo ta Oscar ta fannin fasaha ya samu a kanta a 1997. Ana fara lissafin da lamba guda, kuma duk lokacin da aka ba shi lambar nan, duniya iri ɗaya zai fitar. Saboda haka wasan bai buƙatar ajiye komai da komai. Ya isa ya riƙe lambar farko da jerin wuraren da mai wasa ya sauya. Haka nan bakin gaɓa, lissafi ne ke zana shi: kowane tayil yana duba maƙwabtansa huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu, abin da ke ba da yanayi 16, kowanne da hotonsa. Ruwa ma ƙa'ida ce 'yar gajeruwa: in ƙasanka sarari ne ka faɗa, in ba haka ba ka bazu gefe.

Kayan aiki ba su ne matsala ba yanzu. Godot, injin gina wasa wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki kyauta a 2014, yana da sashen jera tayil a cikinsa, yarensa GDScript yana kama da Python, kuma tun 2022 akwai nau'insa da ke aiki a wayar Android kanta. Rubuta umarni da babban yatsa azaba ce, gaskiya, amma ɗan madannin Bluetooth yana rage ta. Unity ya fi shahara a wajen masu ɗaukar aiki, sai dai ya fi nauyi, kuma a Satumbar 2023 ya tayar da ƙura da shirin karɓar kuɗi kan kowane saukewa, shirin da ya soke bayan shekara guda. Wanda ke auna datarsa da cokali, kuma wutar unguwarsu ba ta da alƙawari, Godot ya fi masa. Ya dai sani cewa fayilolin fitar da wasa zuwa waya sun fi injin kansa nauyi nesa ba kusa ba, gara ya nemi inda akwai intanet mai yalwa ya sauke su lokaci guda.

Wuraren koyo ma akwai. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a 2023, ya sa gina wasanni cikin fannonin da yake horarwa. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, yana gudanar da horon GameUp Africa ta intanet tun 2021. Jami'ar Jihar Taraba kuma tana nan cikin gari tun 2008, inda ba a rasa ɗaliban kwamfuta da za a yi tambaya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, da zarar ɗan koyo ya iya jera tayil, sai ya zana dusar ƙanƙara da itatuwan da bai taɓa gani ba, don haka ya gani a YouTube. Me zai hana tayil ɗinsa su zama laka da tubali da zana da jinka? A haƙo laka a bakin Mayo Gwoi, a cuɗa da ciyawa, a jira rana ta busar, a tayar da rumbu. Damina ta zo, kogi ya cika, katangar da ba a yi wa yaɓe ba ta zube. Doya ta buƙaci kunya, shanu su buƙaci burtali, in ka toshe shi da gona rigima ta tashi. Waɗannan ƙa'idojin wasa ne cikakku, kuma yaron Taraba ya san su ba tare da an koya masa ba. Ba zai taɓa fin kamfanin Mojang na Stockholm iya yin Minecraft ba, amma babu wani a Stockholm da ya san abin da ruwan Agusta ke yi wa ginin ƙasa.

Sai dai a rage buri. Eric Barone ya kwashe fiye da shekara huɗu shi kaɗai kafin wasansa Stardew Valley ya fito a 2016. Wasan farko ya tsaya a fili 64 sau 64, tayil iri huɗu ko biyar, haƙa da ginawa da ajiyewa. Batun buga wasa da abokai ta intanet a jingine shi tukuna, domin wannan wata sana'a ce daban. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya don rajista, kuma yana buƙatar sabon asusun mutum ɗaya ya samu masu gwaji aƙalla 12 na tsawon kwana 14 kafin a saki manhaja ga jama'a. Kafin a kai can, fayil ɗin APK yana tafiya daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da an ci data ba, kuma a rumfar mai cajin waya guda ɗaya za a iya samun mutum goma sha biyun.