Talabijin Mai Araha: Abin da Kwali Ke Faɗa da Abin da Ido Ke Gani

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi]

MAI GABATARWA: Shirin na yau zai duba talabijin mai intanet, wato akwatin bangon nan da jama'a ke kira filasma, wanda ke iya buɗe YouTube da Netflix da kansa ba sai an haɗa shi da dikoda ba, musamman samfurin da ake sayarwa da araha a kasuwanni irin su Alaba ta Legas da Sabon Gari ta Kano, wanda a yau ya shiga cikin kayan da ake jerawa a ɗakin amarya. Tambayar da shirin zai bi diddiginta ita ce ko hoton da irin wannan akwati ke bayarwa ya kai abin da aka rubuta a jikin kwalinsa, kuma ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Arahar ta samo asali ne daga komawar masana'antar gilashin talabijin ƙasar Sin, inda kamfanoni irin su BOE da CSOT suke ƙera allon LCD da yawan gaske, har ta kai kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya daina ƙera nasa a shekarar 2022, ya koma saye daga wasu. Saboda haka gilashin da ke cikin talabijin mai araha da wanda ke cikin mai matsakaicin farashi sau da yawa daga masana'antu iri ɗaya suke fitowa, kuma inda ake rage kuɗi shi ne wuraren da mai saye ba ya gani a shago, wato fitilun da ke bayan gilashin, da na'urar da ke sarrafa hoto, da lasifika.

Abin da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali shi ne 4K, wanda ke nufin allon yana ɗauke da ɗigon hoto 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimilla kusan miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan na abin da allon Full HD mai ɗigo 1,920 da 1,080 ke da shi. Wannan adadi gaskiya ne ko a akwati mai araha, sai dai amfaninsa ya rataya a kan nisan zama, domin idon ɗan Adam yana da iyakar ƙanƙantar abin da yake iya rarrabewa. A allo mai inci 43, wanda ake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa, mutumin da ya zauna nesa da kimanin mita 1.7 ba zai iya bambanta 4K da Full HD ba, alhali a yawancin falo kujera tana nesa fiye da haka. Bugu da ƙari, tashoshin da ake kamawa ta dikodar GOtv ko StarTimes, da akasarin finafinan Kannywood da ke kan YouTube, ba su kai 4K ba, don haka sai akwatin ya ƙirƙiro ɗigon da babu su domin ya cika allon, aikin da na'ura mai rauni ke yi har fuskar jarumi ta fito sumul kamar an shafe ta da man shafawa.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

MAI GABATARWA: Abin da ya fi yanke hukunci a kan kyan hoto shi ne haske. Allon LCD ba ya samar da haske da kansa, aikinsa shi ne ya tare ko ya saki hasken da ƙananan fitilun LED ke turowa daga bayansa, kuma ana auna ƙarfin wannan haske da ma'aunin da ake kira nit. Talabijin mai araha yakan tsaya tsakanin nit 250 zuwa 350, yayin da finafinan da aka shirya bisa tsarin HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazara tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske a cikin hoto ɗaya, galibi ana tace su ne a kan allo mai nit 1,000 ko fiye. Idan aka rubuta HDR a kwalin akwati mai araha, ma'anarsa ita ce yana fahimtar saƙon, amma ba shi da hasken da zai nuna shi yadda aka nufa, shi ya sa fim ɗin HDR kan fito da duhu a kansa, musamman da rana a ɗaki mai babbar taga.

Duhu ma yana da nasa jarrabawar. Akwati mai tsada yana raba fitilunsa gida-gida, ta yadda zai rage hasken wani sashe ya bar wani, ko kuma ya zama allon OLED wanda kowane ɗigo ke kunna kansa ya kashe kansa, amma a mai araha fitilun duka tare suke haskawa. Sakamakon yana bayyana a wurin da aka nuna dare a cikin fim, inda sararin sama da ya kamata ya zama baƙi ƙirin yake komawa launin toka, kuma ana ganin wani farin hazo yana tasowa daga kusurwoyin allo. A nan nau'in gilashi yana da tasiri, domin nau'in VA yana ba da baƙi mai zurfi amma launinsa yana koɗewa ga wanda ya zauna a gefe, shi kuwa IPS yana riƙe launi daga kowane ɓangare amma baƙinsa ba ya kai na VA. Mai gidan kallo, ko magidancin da iyalinsa ke zama a baje a kan tabarma, IPS ya fi dacewa da shi, wanda kuma ke kallo shi kaɗai da dare a gaban allo zai fi jin daɗin VA. Masu kallon ƙwallo su ma suna da abin lura, domin yawancin irin waɗannan akwatuna suna sabunta hoto sau 50 ko 60 ne a daƙiƙa, ko da an buga 120 a kwali da wani sunan talla.

Ɓangaren intanet ya fi allon saurin tsufa. Babbar manhajar da ke tafiyar da akwatin, ko Google TV ce, ko VIDAA ta Hisense, ko Tizen ta Samsung, ko webOS ta LG, tana aiki ne a kan ƙaramar ma'adana, kuma yayin da manhajoji ke ƙara nauyi shekara bayan shekara sai akwatin ya riƙa jinkirin amsa rimot, ko da yake ana iya magance wannan da ƙaramar na'urar intanet da ake sokawa a ramin HDMI. Data ma tana cikin lissafi, tun da kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon 4K na iya cin gigabait 7 a sa'a guda, HD kuma gigabait 3. Sannan wani ɓangare na arahar tallace-tallace ne ke biyansa, domin akwatunan suna iya tattara bayanan abin da ake kallo. A Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya ta sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a 2017 saboda tattara irin waɗannan bayanai ba da izinin masu kallo ba, kuma a 2024 kamfanin Walmart ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 2.3, saboda kasuwar tallar da ke tattare da shi.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

MAI GABATARWA: Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fanni maganar tana buƙatar sharaɗi, domin ga labarai, da wa'azi, da wasannin kwaikwayo irin na Arewa24, da ƙwallo a ɗaki mai matsakaicin haske, akwati mai araha yana ba da hoton da ya wadatar. Asara tana faruwa ne idan mai saye ya biya ƙarin kuɗi saboda baƙaƙen da ke jikin kwali. Hanyar kauce mata ita ce a gwada akwatin a shago da irin abin da za a riƙa kallo a gida, maimakon bidiyon furanni da tsuntsaye da kamfani ya tanada, a sa hoto mai duhu a duba kusurwoyi, a matsa gefe a ga ko launi zai koɗe, a kuma karɓi takardar garanti mai ɗauke da lambar akwatin. Idan an kai shi gida, a sauya tsarin hoto daga na shago mai ƙyalli zuwa na sinima, a kuma ware kuɗin sitabilaiza tun farko, domin hawa da saukar wutar lantarki kan ƙone sashen wutar akwatin tun kafin gilashinsa ya gaji. Wanda ya yi wannan lissafi yakan tarar cewa Full HD mai isasshen haske a inci 43 ya fi masa amfani a kan 4K mai dishi-dishi da farashinsu ɗaya.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]