Nawa ne darajar libarbar da aka gada?

Idan magada a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano suka buɗe adakar mamaci, suka tarar da tsohuwar libarba naɗe cikin ƙyalle, abin da za su fara tambaya shi ne nawa za ta yi, tun da ba a raba gado sai an ƙiyasta dukiya.

To sai dai a Najeriya, kafin a kai ga batun farashi, akwai batun doka.

Ƙananan bindigogi irin wannan sun shigo arewa da yawa ne tare da hafsoshin Birtaniya, waɗanda suka ci Kano ranar 3 ga watan Fabrairun 1903 ƙarƙashin Kanar Morland. Daga baya kuma dubban 'yan arewa sun yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945.

Wadda aka fi sani ita ce ƙirar Webley ta birnin Birmingham, wadda sojin Birtaniya suka fara amfani da ita a 1887, samfurinta na shida kuma ya fito a 1915.

Abin da masana ke dubawa

Mai ƙima a Landan ko Amurka yakan fara ne da tambarin da ke jikin ƙarfen: sunan kamfani, da hatimin gwaji, da wata alama mai kama da kan kibiya da ke nuna cewa kayan gwamnatin Birtaniya ne.

Sannan ya duba lamba. Idan lambar da ke jikin gangar bindigar ta dace da ta bututun da ta mazubin harsashi, to ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Idan suka saɓa, farashi ya faɗi.

A nan ne magada suka fi yi wa kansu asara. Mutum ya ga tsatsa, sai ya sa yashi ko takardar gogewa ya murje ta har ta yi ƙyalli, alhali launin asali da ya kankare shi ne abin da masu tara kayan tarihi ke saye. Ba a iya mayar da shi.

Abin da ya fi ɗaga daraja shi ne sanin wanda ya riƙe ta. A farkon ƙarni na 20 hafsoshin Birtaniya su ke sayen libarbarsu da kuɗinsu, wasu har a zana sunansu a jiki, kuma littattafan cinikin bindigogi na kantin Army & Navy suna ajiye a Jami'ar Glasgow. Takardar sallama daga soja, ko tsohon hoto, ko lasisin mamacin, sun fi labarin baka nauyi, komai daɗinsa.

Ita kanta Webley ba ta da wuyar samu, domin an ƙera ta da yawan gaske a yaƙin duniya na ɗaya. Tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada.

Matsayin doka

A Amurka bindigar da aka ƙera kafin 1899 kayan tarihi ce a dokar tarayya. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su, saɓanin bindigar gargajiya ta mafarauta da 'yan bindigar sarki, wadda kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta.

Lasisi ba ya bin gado. Dokar ta bai wa magaji kwana 14 ne kawai daga ranar rasuwar mai lasisin, kuma hukuncin riƙe haramtaccen makami bai gaza ɗaurin shekara goma ba. Wato wa'adin yakan ƙare tun ba a yi addu'ar arba'in ba.

Don haka farashin da ake gani a gwanjon Turai ba shi ne darajarta a Kano ba. Babu kasuwar halal da za a kai ta, fitar da ita waje kuma sai da izinin hukuma. Magadan da suka rubuta ta cikin dukiya da farashin Landan, sun ɗora wa wanda ta faɗa rabonsa abin da ba zai iya sayarwa ba, suka kuma rage masa kaso daga gida ko gona.

Hanyar da ta rage ita ce a nemi shawarar lauya, a sanar da 'yan sanda ba tare da an ɗauke ta ana yawo da ita ba, ba kuma tare da an gwada harba ta ba, domin tsohon harsashi yana iya tashi. Idan tana da tarihi mai hujja, iyali na iya neman a tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da Gidan Makama kusa da fadar Sarkin Kano, inda ake baje kolin makaman da.