Ƙwayar da ke Danne Numfashi, da Hanyar Ceto

Tun da gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC ya fallasa yadda matasa ke kwankwaɗarsa, jama'a da dama suka zaci musibar ta kau, alhali kuwa tramadol, ɗan'uwansa a asali, yana nan a aljihun lebura da ɗan acaɓa masu neman ƙarfin aiki. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa masu shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba a Najeriya sun kai miliyan 4.6.

Illarsu mafi muni ita ce danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, ta yadda wanda ya zarce ƙima zai faɗa barci mai nauyi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashinsa ya yi ta raguwa, na kusa da shi suna zaton maye ne kawai. Wajibi ne a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a garzaya da shi asibiti, inda allurar naloxone ke maido da numfashi cikin 'yan mintuna, ko da yake ƙarfinta kan ƙare kafin na ƙwayar.

Haɗarin ya fi tsanani ga wanda ya daina sha na wani lokaci sannan ya koma, domin jikinsa ya rasa juriyar dā. Saboda haka ɗaure yaro a gidan mari ba magani ba ne. Jarabar nan cuta ce, likitoci kuwa suna yi mata magani da methadone ko buprenorphine. Iyaye, ku kai 'ya'yanku asibiti.